Farantin Shaida

Daga Allah muka zo, gare Shi kuma za mu koma. Bakina ya faɗi wannan tun ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, sa'ad da likita ya fito ya ce mana ka cika, amma har yau hankalina bai gama karɓa ba. Malam, da hantsi kana zaune a kan kujerarka mai taya a ɗakin gwaje-gwaje, idonka a kan madubin da muke duba ƙwayoyin halitta da shi, kana yi mini faɗa don na bar murfin kwalba a buɗe. Kafin la'asar an ja maka mayafi har kai. Ko faɗuwarka ban gani ba. Na ba ka baya ina wanke hannu, sai na ji kujerar ta gangara ita kaɗai ta bugi kabad.

A asibiti, kafin rai ya yi halinsa, likitan zuciya ya ɗora maka na'urar hoto a ƙirji. Shi ma tsohon ɗalibinka ne, kusan kowane mako sai ya leƙo ku sha shayi. Ya kira ni ciki, ya juyo mini da allon. Na ga bangon zuciyarka ya yi kauri sosai, ɗakin da jini ke taruwa ya matse, tsokar tana motsi da ƙyar kamar roba da ta sha rana. Na fi shekara goma ina kallon irin wannan hoto a jikin ɓerayen gwaji, kai ne kuma ka koya mini karanta shi. Ban taɓa kawo wa raina zan gan shi da sunanka a rubuce a sama ba. Likitan ya tambaye ni ko kana da hawan jini mai tsanani. Na ce iyakar sanina ba ka da shi. Muka tsaya muna kallon juna kamar waɗanda ba su taɓa shiga aji ba.

A barandar asibitin matarka ta kama mini wuyan hannu. Mama muke ce mata, mu duka da muka yi karatu a hannunka. Ba ta kuka a lokacin, idonta a bushe yake, wanda ya fi kukan ban tsoro.

Ta ce, “'Yar nan, ki dubi Allah ki gaya mini. Firjin ne ko?”

Ban gane ba sai da ta yi mini bayani. Da safiyar ranar, kafin ka fito aiki, ta roƙe ka ka hau mata da tsohon firji sama, ɗakin da 'yarku ta koma. Ka ce a bari a samo masu taimako, ta ce ƙato kamarka me zai yi da masu taimako. Ka yi dariya, ka rungume shi, ka kai shi tsakiyar matakala inda take lanƙwasa. A nan ka ajiye, ka zauna kana haki, gumi yana zubo maka. Ta ce maka tsufa ya zo. Ka ce za ka ƙarasa da yamma, ka sa hula ka fita. Tun daga ranar ta yanke wa kanta hukunci cewa ita ta kashe ka da bakinta.

Na ce mata ba haka ba ne, amma ba ta yarda ba. Na san zuciya ba ta yin irin wannan kauri da safiya ɗaya, sai dai ban san abin da ya kumbura taka ba, kuma Mama ba mace ce da ake rufe wa baki da “sai haƙuri” ba. Ta ce, “Ku ne masu aikin zuciya. In kin gano, ki zo mini da gaskiya, ko mai ɗaci ce.” Na yi mata alkawari. Wannan alkawarin na dinga ɗauke da shi har muka kai ka makwancinka, har muka dawo.

Da yammacin ranar na koma ɗakin gwaji don in kashe fitilar madubin da ka bari a kunne. Farantin da kake dubawa yana nan a kai. Ban san abin da ya sa na leƙa ba. Ƙwayoyin tsokar zuciyar ɓera da ka shimfiɗa da hannunka suna ta bugawa abinsu, gaba ɗaya, a tare, ba su san komai ba. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban iya yi a asibiti ba.

Irin wannan bugun ne ka fara nuna mini ranar da na shigo ɗakin nan ina ɗaliba, da girman kaina da takardar sakamako mai kyau. Ba ka tambaye ni maki ba. Ka ce in leƙa. Na leƙa na ga wasu 'yan abubuwa a kwance cikin ruwa mai launin ja suna motsi, babu jiki, babu jini, babu mai ba su umarni. Na ɗago a firgice. Ka ce, “Kin tsorata? Madalla. Wanda bai tsorata ba ba na ɗaukarsa.”

Daga nan ka fara koya mini abin da ka ƙarar da rayuwarka a kai. Ƙwayoyin tsokar zuciya, ka ce, ba kamar na fata ba ne da ke haihuwar junansu kullum. Kusan waɗanda aka haifi mutum da su, da su zai je kabari. Saboda haka idan aiki ya yi wa zuciya yawa, ba ta da hanyar ɗaukar sabbin ma'aikata, sai dai kowace ƙwaya ta ƙara jiki. Kuma ba haka kawai take ƙarawa ba, sai an aiko mata. Sinadaran da jini ke ɗauke da su, waɗanda littafi ke kira homon da sinadaran girma, kai “'yan aike” kake ce musu. Ɗan aike ya zo ya ƙwanƙwasa bangon ƙwaya, saƙo ya bi hannu zuwa hannu har cikin tsakiyarta, sai ta shiga ƙera sabon nama. Aikinmu duka shi ke nan: mu ɗiga ɗan aike a faranti, mu jira, mu auna yadda ƙwayoyin suka faɗaɗa.

Girma iri biyu ne, haka ka dinga nanata mana har muka haddace. Akwai na lafiya, irin na mai gudu da na mace mai ciki, inda zuciya ke ƙara jiki da ƙarfi tare, in aikin ya wuce kuma ta koma yadda take. Akwai na wahala, irin wanda hawan jini da sinadaran tashin hankali ke jawowa, inda bango ke yin kauri, tabo ya shiga tsakanin ƙwayoyin, tsoka ta sandare, bugun ya rikice. A cikin 'yan aiken nan akwai wanda kake ji da shi, wanda hanta ke fitarwa idan sinadarin girma ya taso mata daga ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. “Ɗan aiken kirki” kake kiransa, domin shi ke kawo girman lafiya. Na sha ganin ka tsaya masa a taron masana kamar lauyan da aka biya. Tambayar da ta hana ka sakat ita ce, a ina ne girman lafiya yake juyewa ya zama ciwo.

Amma abin da duk wanda ya ratsa hannunka ba zai manta ba shi ne farantin shaida. A kowane gwaji sai an ware faranti ɗaya da ba a ɗiga masa komai ba, ƙwayoyi iri ɗaya, ruwa iri ɗaya, ɗumi iri ɗaya. Da shi ake kwatanta sauran. Idan ɗalibi ya rugo yana murna wai ƙwayoyinsa sun girma, ko ɗago kai ba ka yi, sai ka ce, “Ina shaida?” Ɗalibai suka laƙaba maka Malam Ina-Shaida, ka sani, kuma ba ka damu ba. Ni mai baki, wata rana na ce maka ai ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ka cire tabarau ka dube ni. Ka ce, “A kasuwa ke nan. A ɗakin nan ido maƙaryaci ne. Abin da yake girma a hankali, wanda yake kallonsa kullum shi ne na ƙarshen gani.” Ka sa na sake gwajin wata guda daga farko. Na yi kwana uku ba na gaishe ka da kyau, kai kuwa ko a jikinka.

Kana da wata barkwanci da kake yi wa kowane sabon aji. Ka ce kai Allah Ya halicce ka da naka farantin shaidar, domin ku tagwaye ne masu kama ɗaya, har mahaifiyarku sai ta duba tabon da ke gwiwarka kafin ta san wanda za ta daka. “Sai dai shaidar tawa ta gudu,” in ji ka, “ta shiga jirgin ruwa ta bar ni.” Ɗan'uwan naka injiniyan jirgin ruwa ne, ya zauna can wata uwa duniya, ya fi shekara ashirin bai zo gida ba. A waya kuke gaisawa, wayar nan taka mai maɓallai da ka ƙi rabuwa da ita, ga shi ka tsani a ɗauke ka hoto. Mukan yi dariya duk lokacin da ka faɗa. Ni kaina na yi dariyar nan ba sau ɗaya ba.

Faɗanka kowa ya sha, alherinka ma haka. Na tuna ranar da wuta ta ɗauke da tsakar rana, injin ba da wuta ya ƙi tashi, akwatin da ke riƙe wa ƙwayoyi ɗumin jiki ya fara hucewa. Gwajin wani ɗalibi ne na ƙarshe, in ya lalace shekararsa ta tafi. Kana jin haka ka ɗaure bakin kwalaben, ka cusa su cikin rigarka a jikin fatar cikinka, ka rungume, ka tsallaka harabar makaranta zuwa wani ginin da ke da wuta. Babban malami, kana tafe a tattale kamar mai ciwon ciki, mutane suna yi maka sannu kana amsawa. Ƙwayoyin suka rayu. Ɗalibin yanzu shi ma malami ne, ya zo jana'izarka.

Ni kuwa bashin da ke kaina na alheri ba zai biyu ba. Lokacin da nake da cikin fari, na ji bugun zuciyata ya canza, na auna, na ga ta ɗan ƙara girma. Ilimi kaɗan ya fi jahilci tsoratarwa, na shiga ofishinka ina kuka wai zan mutu in bar jariri. Ka bar ni na gama. Sannan ka ce, “'Yata, ke da kanki kika rubuta babi guda a kan wannan. Ɗan aiken kirki ne ya zo, jinin mutum biyu kike turawa. Ki haihu lafiya, za ta koma.” Ka hana ni taɓa duk wani sinadari mai haɗari, ka karɓi farantaina kana kula da su har na dawo daga hutun haihuwa. Da na dawo, kai ka tuna mini in je a sake dubawa. Ta koma, kamar yadda ka ce.

Kai da kake tura kowa asibiti, kai ba ka zuwa. Wanzami ba ya son jarfa. In an yi maka magana sai ka ce lafiyarka ƙalau, ka ɗaga hannuwan nan naka manya ka nuna. Yanzu nakan tuna maganar safar hannu. Shekarun baya ka fara ƙorafi cewa safar roba da muke sawa tana matse ka, tana yagewa. Muka taru muka yanke cewa masu yin ta ne suka fara rage awo don cin riba. Muka canza mai kawo mana kaya. Bayan an kwana biyu sabuwar ma ta matse, muka sake canzawa, har ka yi mana doguwar lacca a kan lalacewar sana'a a wannan zamani. Daga matsakaiciya ka koma babba, daga babba ka koma wadda sai an yi odarta musamman. Ɗaki cike da mutanen da sana'arsu awon girma ce, da abin awo a kowane aljihun tebur, muka ɗora wa roba laifi.

Haka kuma lokacin da ka daina fiɗar zukatan jariran ɓera, aikin da yake bukatar yatsu masu laushi. Ka miƙo mini almakashin ka ce, “Lokacinku ne, mu mun yi namu.” Na ji daɗi, na ɗauka girmamawa ce, kuma na san akwai ita a ciki. Ban lura cewa yatsunka sun daina shiga zoben almakashin ba.

Duk wannan ban haɗa shi ba sai a gidanka, wajen zaman makoki. Kullum ina zuwa, kullum ina tarar da abu ɗaya. Mama ta ƙi hawa sama. Ta shimfiɗa katifa a falo, a nan take kwana, tufafinta ma sai 'yarku ta sauko mata da su. Firjin yana nan a lanƙwasar matakala inda ka ajiye shi, igiyar wutarsa tana lilo, masu hawa suna raɓawa ta gefe. Ta hana a taɓa shi. Abinci sai an yi da gaske take kai loma biyu. Duk shigowata sai ta ɗago ta dube ni, ni kuma in sunkuyar da kai, domin ba ni da abin da zan ba ta.

Ana cikin haka wata rana da rana tsaka aka yi sallama a ƙofa, 'yarku ta je ta buɗe. Na ji ta ce, “Baffa,” da wata irin murya. Ɗan'uwanka ne, labari ya same shi a tsakiyar teku, sai yanzu ya samu isowa. Ya shigo da 'yar jakarsa, ya tsaya a tsakiyar falo.

Malam, ban san yadda zan kwatanta maka ba. Idonka ne, tsayinka ne, yadda kake karkatar da kai in za ka yi gaisuwa, duk shi ne. Amma fuskarsa siririya ce. Haɓarsa ba ta turo gaba ba, goshinsa bai yi tudu a kan ido ba, hancinsa da leɓɓansa madaidaita. Ya buɗe baki, haƙoransa a jere babu wushiryar nan da Mama take tsokanarka da ita, wai ka yi ta da tsufa don neman suna. Ya miƙa hannu ya karɓi ruwa, na ga yatsu dogaye sirara, irin yatsun da suka nuna mini riƙon almakashi ranar farko. Farantin shaida ne ya shigo da ƙafarsa, bayan an riga an rufe gwajin.

Shi ma bai zauna ba. Idonsa ya faɗa kan hoton da ke bango, wanda 'yarku ta tilasta maka ɗauka bara ranar da ta gama makaranta. Ya matsa kusa, ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo a hankali ya ce, “Yaushe ya zama haka?” A cikinmu babu wanda ya san ka zama wani abu. Ya ce shi dai ya ji muryarka tana ƙara kauri a waya, ya ɗauka shekaru ne.

Daga bakin ƙofar gidan na kira likitan zuciya. Na tambaye shi ko akwai sauran jinin da aka ɗiba a jikinka ranar Talatar. Ya ce akwai, an adana shi a cikin sanyi. Na gaya masa abin da za a auna. Sai na ji ya ce, “Inna lillahi. Hannuwansa.” Shi ma bai bukaci ƙarin bayani ba.

Sakamakon ya fito, ɗan aiken kirki ne. Ya ninka abin da ya kamata a samu a jinin mai shekarunka ninkin ba ninkin. A gindin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da ba ta fi ƙwayar wake ba, ita ke sakin sinadarin girma. Wani lokaci ɗan ƙari yakan fito mata, sai ta yi ta saki babu tsayawa, hanta kuma ta yi ta aiko da ɗan aike. A jikin babba tsayi ya riga ya tsaya, sai hannu da ƙafa da muƙamuƙi su yi ta faɗi, a hankali ƙwarai, shekara da shekaru. Zuciya ma tana karɓar saƙon. Da fari takan yi ƙarfi, shi ya sa kake ɗaukar abin da samari ke kasawa. Daga baya sai kauri, sai tabo, sai rikicewar bugu. Iyakar nan da ka yi ta nema a faranti, inda girman lafiya yake komawa ciwo, ka tsallaka ta da ƙirjinka kana zaune a kan kujerarka. Wannan ciwo yana cikin littafin da kake koyarwa, da hotonsa. Ni ma na koyar da shi.

Na je wa Mama da gaskiyar da ta nema. Na same ta a kan katifar falo, ɗan'uwanka yana kan kujera, 'yarku a gefe. Na durƙusa na yi mata bayani da kalmomin da ka koya mini, na 'yan aike da ƙwayoyin da ba sa haihuwa. Na ce zuciyar da na gani a allo ba aikin safiya ɗaya ba ce, ba na shekara ɗaya ba ne ma. Na ce tana iya tsayawa kana barci, ko kana ɗaura igiyar takalmi.

Ta saurara har na gama. Ta ce, “Kina faɗa ne don ki sanyaya mini.”

Na ce, “Mama, kin san wanda ya koyar da ni. Ba na zuwa ba shaida.”

Sai ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta ciro zobenka na azurfa, wanda asibiti suka ba ta. Ta ce mahaifinku ne ya yi muku su iri ɗaya, awo ɗaya, kuma sau biyu tana kai naka wurin maƙeri a ƙara masa faɗi, tana yi maka tsiya wai girkinta ne ya karɓe ka. Ta miƙa wa ɗan'uwanka. Ya ɗaga hannu, nasa zoben yana nan a yatsansa daram. Ya zura naka a irin wannan yatsa na ɗaya hannun, ya sauke hannun. Zoben ya zame ya faɗi a kan tayil, ya gangara har gindin matakala.

Mama ta bi shi da kallo har ya tsaya. Ta fara lissafa wa kanta da ƙaramar murya, takalman da ta yi ta bayarwa sadaka, hular da ta daina shiga, minsharin da ya sa ta sayi abin toshe kunne, gumin da kake yi ko ana sanyi. Na ga wani sabon nauyi yana neman hawa kanta, na ce ba zan bari ba.

Ta ce, “Da an gani, da akwai magani?”

Na ce, “Akwai, Mama.” Ban iya yi mata ƙarya ba.

Ta ce, “Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi.”

Na ce, “Mu da muke auna girma da na'ura ba mu gani ba. Shi da ya koya mana bai gani ba, alhali kullum yana duba madubi. Shi ya ce abin da yake girma a hankali, wanda yake kallonsa kullum shi ne na ƙarshen gani. Ba ki gani ba ne don ba ki taɓa yin nisa da shi ba.”

A nan ne ta yi kuka, kukan da ta riƙe tun barandar asibiti. Muka bar ta ta yi. Da ta gama ta share fuska da gefen mayafi, ta ce kwana ne ya ƙare, Allah Ya riga Ya rubuta. Ta tashi, ta je gindin matakala ta ɗauki zoben ta damƙe. Ta dubi ɗan'uwanka ta ce, “Ya ce zai ƙarasa da yamma. Ku kama ku hau da shi.” Ni da shi da 'yarku muka kama firjin, mu uku, da ƙyar muka ɗaga abin da ka ɗauka kai kaɗai. Mama ce ta wuce gaba ta buɗe mana ƙofar ɗakin.

Na koma aiki, Malam. Ƙwayoyin da ka bari sun yi iya kwanakinsu sun tsaya. A kan shiryayye akwai kwalin safar nan taka ta musamman, ba a buɗe ba, babu hannun da za ta yi wa daidai a ginin nan. Ban yarda a ɗauke shi ba. Jiya wata ɗaliba ta rugo tana murna wai ƙwayoyinta sun girma, na buɗe baki zan yi mata tambayarka, sai ta riga ni. Ita ce ta dube ni ta ce, “Na sani, Malama. Ga shi can, ban ɗiga masa komai ba.”

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ya yi rayuwarsa yana kallon ikonKa a cikin abin da ido ba ya gani, yana kuma nuna wa na baya. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa ciwon da ya ɗauka bai sani ba ya zama kankarar zunubi, ilimin da ya bari kuma ya zama sadaka mai gudana. Mu da muka zauna da shi mun shaida alherinsa, Ka karɓi shaidarmu.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, Allah Ya sanyaya mata, Ya ba ta ladan haƙuri. Ga 'yarsa, Allah Ya zama gatanta, Ya raya ta a kan tarbiyyar da ya ba ta. Ga ɗan'uwansa, wanda suka zo duniya tare, ya tsallako teku bai tarar da shi ba, Allah Ya ba shi juriyar ɗaukar wannan fuska shi kaɗai. Ga dangi da abokan aiki da dukan ɗalibansa na kusa da na nesa, Allah Ya ba mu haƙurin rashi. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Allah Ya jiƙanka, Malam.